Ƙafafun Baba Maƙeri

Ranar da Baba Maƙeri ya rasu, ba shi muka fara yi wa kuka ba. Kanmu muka fara yi wa.

Da hantsi ne, ana yayyafi. Shugaban mawaƙanmu ya ruga gindin tsamiya don ya buga ƙarfen majami'a a sanar da jama'a. Ƙarfen nan na ƙafar wata babbar mota ne, Baba ne ya rataye shi, kuma shi kaɗai ke buga shi. Kowane sha'ani da irin bugunsa: na sujada daban, na mutuwa daban, na gobara daban. Shugaban mawaƙa ya san waƙa, amma bai san ƙarfe ba, sai ya buga na gobara. Mutanen unguwarmu Kolere suka fito a guje da bokitai da tuluna cikin ruwan sama, suna tambayar gidan wa ke ci. Da aka gaya musu abin da ya faru, goggona ta dire bokitinta, ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo ni! Yanzu wa zai binne mu?"

Ba wanda ya tsawata mata, don abin da ke ran kowa ke nan. Bappana, ƙanin mahaifina, wanda shi ne babban dattijon ikilisiyarmu, ya iso yana dogara sanda, ya girgiza kai ya ce, "An yi rashin ma'aikaci. Samun irinsa sai an tona." Na taɓa jin kalmomin nan a bakinsa, shekarar da san huɗarsa ya faɗa rami.

Mutum ɗaya na gani yana kuka irin na wanda ya rasa wani. Maƙwabcin Baba ne, wani ɗan kasuwa Musulmi mutumin Borno, mai sarin wuƙaƙen da Baba ke ƙerawa. Ya zo da farin yadi a hammata, ya tsuguna a ƙofar gida, ya ce mana, "Ku yi haƙuri. Shekara da shekaru akushi ɗaya muke sa hannu da shi." Mu 'yan'uwansa a cikin Ubangiji duk muka sunkuyar da kai muna duban laka.

Ni na yi jawabi a bakin kabari, da yake ni ne malamin makaranta kuma sakataren ikilisiya. Na ce Baba gaɓa ce mai daraja a jikinmu, na ce kowa ya san baiwarsa, kowa ya girmama ta. Aka ce jawabin ya yi daɗi. Wannan rubutu ina yin sa ne don kada jawabin nan ya zama shi ne abin da za a tuna.

Wanda bai tashi a duwatsunmu ba sai an yi masa bayani. A wajenmu ƙira ba sana'ar da mutum ke zaɓa ba ce, haihuwarsa ake yi a ciki. Maƙeri shi ke ƙera fartanya, matarsa ke gina tukunya, kuma shi ke wanke gawa, ya haƙa kabari, ya saɓa mamaci a kafaɗa. Saboda haka ba a cin tuwo da shi, ba a auren 'yarsa, ba a barin jiki ya daɗe a jikinsa. Kowane gida da ƙwaryar maƙeri ta daban a ƙarƙashin rumbu, in ya sha ruwa shi zai ɗauraye ya kife. Da muka gangaro Mubi muka karɓi bishara, mun bar abubuwa da yawa a kan dutse. Wannan kam da shi muka sauko.

Baba daga wajen Michika ya zo, ya kafa maƙerarsa a ƙarshen unguwa, ta hanyar mayo, wato kogin garinmu. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, hannuwansa duk tabon tartsatsi. Ba ya duban mutum a fuska, daga sama zuwa ƙasa yake dubansa, kuma kowa ya san abin da yake aunawa. Da na dawo daga makarantar horon malamai na je gaishe shi, ya bi ni da kallo ya ce, "Malam, ka ƙara tsawo. Za ka ba ni aiki." Yana da kara guda da yake awon kabari da shi, a jingine kusa da zuga-zugi. In mai kawo gyara ya cika surutu, sai Baba ya miƙa hannu ya taɓa karan kawai, mutum ya tuna yana da wani uzuri.

Bakinsa ba daɗi, wannan ba zan ɓoye ba. Ya taɓa cewa shugaban mawaƙa yana waƙa kamar an taka wutsiyar akuya. In an yaba wa wani mai arziki a gabansa sai ya ce, "Na ɗauki babansa. Ba nauyi." Amma fartanyar da ya ƙera sai ta ga damina bakwai, kuma ko sau ɗaya ruwa bai taɓa tone kabarin da ya haƙa ba.

An yi masa baftisma a mayo, shi da matarsa, gab da ƙuri'ar raba-gardama ta farko kan makomar yankinmu. Bayan 'yan makonni aka yi jibin Ubangiji, wato cin abincin tunawa da Almasihu. A ikilisiyarmu kafin a ci jibi sai an yi wankin ƙafa. Maza na gefe guda, mata na gefe guda. Ana zama a jere kan benci, daro na tafiya. Wanda aka wanke wa ƙafa sai ya ɗaura tawul a ƙugu, ya durƙusa, ya wanke ta wanda ke damansa, ya goge, su tashi su rungumi juna. Ba a zaɓar wanda za a wanke wa. Wanda Allah ya zaunar a damanka, shi ne naka.

Ran nan Baba ya riga kowa zuwa. Ya yanke farce, ya goge kaushin dugadugansa da dutsen mayo har suka yi fari. Ya cire takalminsa na tayar mota ya tura ƙarƙashin benci, ya zauna tsakiyar layi yana murmushi. Ban taɓa ganin manyan maza na lissafi da ido kamar ran nan ba. Wannan ya tuna bai gaisa da wancan ba, wancan ya ce iska ta fi shigowa ta baya. Kafin a rera waƙar farko, hagun Baba fili ne da za a iya shanya dawa.

Bappa ne ya cece mu, in ceto ne. Ya tashi ya yi gyaran murya. Ya ce mu jiki ɗaya ne amma gaɓoɓi daban-daban, kowa da baiwarsa, wani wa'azi, wani waƙa, wani koyarwa. Ya ce ga ɗan'uwanmu Allah ya ba shi ƙarfin kafaɗa da zuciyar hidima, ai ba wanda ya fi shi dacewa da kula da ruwa, ya ɗebo mai kyau, ya zubar da mai datti. Jama'a suka amsa da amin mai ƙarfi. Ni ma na amsa, har ina jin Bappa ya yi hikima. Baba ya dubi ƙafafunsa, ya tashi ya ɗauki tulu.

Haka aka zauna. Sau biyu a shekara, kafin shuka da gab da girbi, Baba zai zo da dugadugai a goge, ya cire takalmi ya ajiye ƙarƙashin benci, sannan ya ɗauki tulu. Bai fasa cire takalmin nan ba. Muna gani, muna yi kamar ba mu gani ba. Ita ma matarsa a gefen mata aikinta ke nan.

Lokacin ƙuri'a ta biyu, wadda ta bar mu a Nijeriya, layi ɗaya muka bi da shi, Bappa na gabansa. Da muka fito Baba ya tare ni yana dariya har da riƙe ciki.

"Malam, takarda na ya faɗa kan na bappanka a cikin akwati. Yau tare za su kwana. Ka gaya masa ya yi wanka."

Rigimarsu da Bappa sau ɗaya ta fito fili. Bappa ya kai gatari gyara, ni na raka shi. Baba na dukan ƙarfe, bai ɗago ba, ya ce, "Dattijo, wannan baiwa na ruwa, babu hutu ne? Ko shekara ɗaya a ba wani, ni ma in zauna."

"Kowa da baiwarsa," in ji Bappa. "Ido ba ya cewa shi zai zama kunne."

"To kai wane gaɓa ne?"

"Ni baki ne na ikilisiya."

"Ni kuma hannu. Hannu yana wanke baki kullum. Yaushe baki ya taɓa wanke hannu?" Ya tsoma gatarin a ruwa, ya yi cuu. "Ba komai. Ka jira ni. Ran da za ka zo wurina, ba ƙafa kawai ba, duka zan wanke maka."

Bappa ya bar gatarin a nan, wata uku ba ya amsa gaisuwarsa. Ya kuma kai ƙara gaban dattawa cewa maƙeri ya yi masa fatan mutuwa, aka dakatar da Baba daga cin jibi sau ɗaya. Ruwan kuwa ba a dakatar da shi daga ɗebowa ba. Ni na rubuta hukuncin da hannuna.

Yanzu na zo inda alƙalamina ba ya son zuwa.

Cikin shekarun yaƙin basasa ƙyanda ta shigo unguwa, ta ɗauke mini 'yata ta fari, tana shekara uku. 'Yan'uwa suka tsaya daga bakin zana suna ta'aziyya, kowa na tsoron kai wa nasa 'ya'yan. Ban ga laifinsu ba. Baba ne ya shigo har ɗaki. A lokacin ɗansa tilo ya tafi soja, wata da watanni ba wasiƙa, kuma bai dawo ba har yau. Baba ya karɓi yarinyar daga hannun uwarta, ya wanke ta a hankali yana yi mata magana da yarenmu kamar mai lallashin wadda ba ta son wanka. Bai kawo karan awonsa ba. Ya ce wannan ya san tsawonta, kullum tana tsayawa a ƙofar maƙera tana kallon wuta. Bai saɓa ta a kafaɗa yadda ake yi ba, a ƙirji ya rungume ta har makabarta.

Da aka gama na kama hannunsa da hannuwana biyu, a gaban mutane. Na ce, "Baba, jibi mai zuwa ka zauna a damana. Ni zan wanke maka."

Ya zare hannunsa ya ce, "Malam, kada ka yi alkawari a bakin kabari. Ƙasa yana ji."

Na ce na yi, kuma na maimaita.

Wata huɗu tsakani. Cikin wata huɗun nan maganar ta zaga gari. Surukina ya aiko cewa in na taɓa ƙafar maƙeri, 'yarsa ba za ta ƙara cin tuwo da ni ba. Goggo ta ce in tuna ƙanina na neman aure, wa zai ba da 'yarsa ga gidan da aka haɗa jiki da masu gawa? Bappa kuwa tambayata kawai ya yi ko har yanzu ina son aikin sakatare. Duk da haka na shiga majami'a ran nan da niyyar cikawa. Ina so a san wannan, ko da yake ba ya wanke ni.

Baba ya cika tuluna tun da wuri, ya jera su a bakin ƙofa. Ya zo ya zauna a damana, ya tura takalmi ƙarƙashin benci. Ya sa riga fara wadda ban taɓa gani a jikinsa ba. Ina jin ƙamshin sabulu a jikinsa, da ɗan ƙaurin gawayi da ba ya barinsa. Daro ya taso daga farkon layi. Aka wanke wa na uku, aka wanke wa na huɗu. Shugaban mawaƙa ya durƙusa ya wanke tawa, muka rungumi juna, ya miƙo mini tawul. Na ɗaura. Har mata suka daina waƙa daga gefensu. Baba ya ɗaga ƙafarsa ta dama, ya riƙe ta a sama kaɗan, yana jira.

Na dubi daron. Mutum biyar kawai aka wanke a ciki, ana ganin gindinsa sarai.

Na ce, "Baba, ruwan nan ya yi datti. A sauya."

Ban shirya maganar ba. Da kanta ta fito, sumul, kamar na shekara ina koyon ta. Baba ya dube ni, a fuska wannan karon. Ya sauke ƙafarsa. Ya sunkuya ya ɗauki daron ya fita da shi ba takalmi. Kafin ya dawo, na kusa da shi ya gusa ya cike gurbin, layi ya haɗe kamar ba a taɓa zama a wurin ba. Baba ya ajiye sabon ruwa a gabana.

"Malam, wannan ya yi maka?"

Na ce ya yi. Na durƙusa na wanke ƙafar wani. Bappa ya ɗaga waƙa, jama'a suka amsa da murna, ni ma na buɗe baki na rera.

Na yi zaton zai daina gaishe ni. Da ya yi haka, da na samu sauƙi. Washegari ma shi ya fara gaishe ni. Ya ci gaba da gyara mini fartanya, da aka haifa mini ɗa ya ƙera masa ɗan awarwaro. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni kuma kullum ina cewa sai jibi mai zuwa. Abu ɗaya ne ya sauya. Tun daga ran nan bai ƙara cire takalmi a wankin ƙafa ba. Zai shigo da shi a ƙafa, ya ɗauki tulu. Na ce a raina ya haƙura, har na ji daɗin haka, don takalmin nan na ƙarƙashin benci ya daɗe yana damuna.

Shekara shida muka yi a haka. Ranar Lahadi aka yi jibin gab da girbi, ya ɗebo ruwa kamar kullum, yana tari. Ranar Alhamis aka buga ƙarfen gobara.

Bayan an gama koke-koke sai maganar goggo ta dawo ta tsaya a gabanmu. Wa zai wanke shi? Wa zai haƙa? Aka ce a aika dutse a kira danginsa maƙera, amma mayo ya cika ya batse, ko jaki ba ya haye shi. Gawa kuma ba ta jiran ruwa ya janye. Haƙa dai matasa suka yi, suka yi ta gardama kan tsawo, karan awo na jingine ba wanda ya yarda ya taɓa. Wankan ne ya gagara. Muna tsaye a tsakar gida mu fi ashirin, mai wa'azi da mai waƙa da mai koyarwa, kowa da baiwarsa, kowa ya harɗe hannu. Har da Bappa. Shi aka yi wa alkawarin wanka, ga shi mai wankan ya riga shi.

Sai matar Baba ta fito daga ɗaki da daro a hannu. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, ba ta cika magana ba. Ta wuce fasto, ta wuce Bappa, ta ajiye daron a gabana, ta ɗora tawul a kafaɗata.

"Ya ce kai ne, Malam. Ya ce kuma in gaya maka, ruwan sabo ne. Ba wanda ya taɓa."

Na so ƙasa ta tsage. Ba wanda ya gane maganar sai waɗanda suka gane, kuma kowa ya gane.

Na ɗauki daron na bi ta. Baba yana kwance kan tabarma, ya ƙanƙance, an rufe shi da yadin mutumin Borno. Ban san ta inda ake farawa ba. Sau nawa na tsaya ina kallo yana yi wa wasu, ban taɓa ɗauka abin koyo ba ne. Ta ce in fara daga ƙasa. Na durƙusa, na ɗaura tawul, na yaye yadin, na ɗago ƙafarsa ta dama na sa a ruwa. Sanyi ƙalau, kuma ba nauyi.

Na kai hannu dugadugi ina tsammanin kaushin mutumin da ya shekara saba'in yana taka dutse da gawayi. Sai na ji santsi. Na juya ƙafar na duba. A goge take fes, farce a yanke, har da ɗan jan wuri inda dutse ya ci fata. Na ɗago na dubi tsohuwar.

"Ran Asabar ya goge," in ji ta. "Kowane jibi yana gogewa. Takalmin ne kawai ya daina cirewa. Ya ce kada ka gani ka ji kunya."

Ubangijin da ya karɓe shi ya ba shi wurin zama a tsakiyar layi. Mu kuma ban san abin da zan roƙa mana ba.

Na wanke ta dama, na wanke ta hagu, na goge da tawul. Saura runguma, yadda ake yi. Na jira ya tashi.